Majalisar Daren Asabar: Yadda Masu Wa'azin Ƴancin Tunani Suka Koma Ƴan Amshin Shata



Jawabin yau a kan wata ƴar majalisa ne wadda mutanenta ba su fi goma da ƴan kai ba, suna haɗuwa kowane daren Asabar a wani ɗakin bene na birnin New York, cikin ƙasar Amurka, tun daga farkon shekarun 1950. Ba jam'iyya ba ce, ba ta da kati, ba ta da tuta. Karatu da muhawara suka tara su, kuma a kan duwatsu uku suka girka tukunyarsu: hankali shi kaɗai ne jagoran ɗan Adam, kowane mutum mallakin kansa ne, kasuwa kuwa a sakar mata mara. Abin da ya sa labarinta ya cancanci a zauna a saurara shi ne, ɗaya daga cikin samarin da ke zama a kujerun ɗakin nan ya zo ya riƙe babban bankin Amurka shekara 18 da ƴan watanni, har abin da ya koya a can ya taɓa aljihun mutanen da ba su taɓa jin sunansa ba. Sa'an nan majalisar da aka kafa domin kowa ya yi tunani da kansa, ita ce ta ƙare da shari'a da kora, irin wadda aka sani a zamanin jam'iyya ɗaya tilo.

Uwar ɗakin majalisar wata marubuciya ce mai suna Ayn Rand. Sunanta na yanka Alisa Rosenbaum, an haife ta a 1905 a birnin Petersburg na ƙasar Rasha, cikin gidan Yahudawa masu rufin asiri. Mahaifinta yana da kantin sayar da magani. Tana ƴar shekara 12 ƴan kwaminisanci suka karɓi mulki a 1917, ba da jimawa ba aka ƙwace kantin da sunan jama'a, iyalin suka yi gudun hijira zuwa yankin Kirimiya, suka komo gida a 1921 suka tarar da yunwa da layin karɓar abinci. Wanda bai san wannan ba, ba zai gane zafin alƙalaminta ba, domin ruwa ba ya tsami banza. Yarinyar da ta ga an raba ubanta da guminsa ana cewa don talakawa ne, ta tashi ba ta jin kalmar "jama'a" sai ta ji ƙarar takalmin soja a bayanta. Ta karanta tarihi a jami'a, ta fita daga ƙasar a 1926 da sunan ziyarar dangi a Amurka, ba ta sake taka Rasha ba. Ta yi ƙananan ayyuka a masana'antar fim ta Hollywood, ta auri wani ɗan wasa mai suna Frank O'Connor a 1929, ta koyi rubutu da harshen da ba nata ba.

Littafin da ya ɗaga ta shi ne The Fountainhead, wanda ya fito a 1943 bayan kamfanonin ɗab'i 12 sun mayar mata da shi. Labarin wani mai zanen gine-gine ne wanda ya gwammace ya fasa dutse a kwari da ya sauya zanensa don faranta wa mai kuɗi ko ɗan jarida. Da aka ɓata masa wani gini ba da yardarsa ba, sai ya tarwatsa shi da nakiya, ya tsaya gaban kotu ya kare kansa, aka sallame shi. Samari da ƴan mata sun sha wannan littafi kamar ruwa a bazara. Cikinsu akwai wani ɗalibi ɗan ƙasar Kanada, Nathan Blumenthal, wanda ya rubuta mata wasiƙa cike da tambayoyi, ta kira shi gidanta a 1950 yana ɗan shekara 19, suka kwana suna muhawara. Daga baya ya sauya suna ya koma Nathaniel Branden. Ya kawo budurwarsa Barbara, wadda ya aura a 1953. Ita ta kawo ɗan uwanta Leonard Peikoff. Shi ya kawo nasa ɗan uwan, likita Allan Blumenthal. Ƙawar Barbara ta kawo mijinta, wani masanin tattalin arziki mai suna Alan Greenspan. Abin lura a nan, majalisar masu cewa jini da dangantaka ba su da wani hakki a kan mutum, da zumunci aka gina ta, ɗan uwa yana jawo ɗan uwa. Suka raɗa wa kansu suna na ba'a da Turanci, The Collective, wanda in za a ba shi sunan Hausa sai a ce "Gandu", domin su yi wa ƴan gurguzu dariya. Ba'ar nan ta zo ta bi su har gida.

Tun da Rand ta koma New York a 1951, ana taruwa a ɗakinta da ke layi na 36. Ita tana rubuta babban littafinta, duk babin da ta gama sai a miƙa shi hannu-hannu a karanta, sa'an nan a shiga zance har kusan asuba, hayaƙin taba ya cika ɗakin. Waɗanda suka zauna da ita, har da waɗanda suka rabu da ita baram-baram, sun yarda da abu guda: mace ce mai kaifin basira, mai haƙurin bin tambaya har gindinta, wadda za ta ɗauki maganar yaro ɗan shekara 20 da muhimmanci ta yini tana warware masa ita. Greenspan ya zo da aƙidar cewa ba abin da za a iya tabbatarwa sai wanda aka auna, har an ruwaito yana shakkar ko akwai hujjar da za ta tabbatar da cewa shi kansa yana nan. Saboda baƙaƙen kayansa da rashin fara'arsa Rand ta yi masa laƙabi da mai binne gawa. Ta bi shi da hujja har ya sauka daga wannan ra'ayi, kuma shi da bakinsa ya sha faɗin cewa ita ta buɗe masa ido ya ga duniya ta wuce lissafi.

Ita aƙidar, wadda ta raɗa wa suna Objectivism, ga yadda take a taƙaice. Duniya tana nan yadda take, ko mutum ya so ko ya ƙi, buri da tsoro ba sa sauya ta. Hanya ɗaya ce ta saninta, ita ce hankali mai aiki da abin da ido da kunne suka kawo masa; ban da wahayi, ban da gado, ban da "haka muka tarar". Tun da hankali a kan mutum ɗaya yake zaune, babu wani abu wai shi tunanin taro, to rayuwar mutum tasa ce, jin daɗinsa shi ne manufarsa, kada ya yanka kansa don wani, kada kuma ya yanka wani don kansa. Daga nan sai siyasa ta biyo: abin da aka haramta tsakanin mutane shi ne fara amfani da ƙarfi, saboda haka aikin gwamnati uku ne kacal, ɗan sanda da soja da alƙali. Makaranta, asibiti, hanya, kuɗi, farashi, duk na masu zaman kansu ne. Ta ce a raba gwamnati da tattalin arziki kamar yadda Amurka ta raba gwamnati da coci. Littafin da ta tara waɗannan maƙalu a 1964, ma'anar sunansa "falalar son kai", kuma da gangan ta zaɓi kalmar don ta tsokani mai karatu.

Adalci ne a tsaya a nan a tace, domin cikin wannan tsaba akwai mai kyau. Mutumin Maraɗi ba ya bukatar wata Baturiya ta koya masa cewa ciniki yardar juna ne, ko cewa wanda ya sa dukiyarsa ya fi ma'aikacin ofis sanin inda riba take. Alhazan birnin nan da fatauci suka gina shi. Wanda ya ga zamanin da aka kafa kamfanin SONARA a 1962 aka damƙa masa cinikin gyaɗa, ya san cewa duk ranar da farashin ƙetaren iyaka ya fi na gwamnati, buhunan gyaɗa sun san hanyar dare, kuma ba a taɓa samun isassun jami'an duwan da za su tare ta ba. Tun ƙarni na 14 Ibn Khaldun ya ware babi guda cikin Muƙaddima yana bayyana cewa in sarki ya shiga fatauci talakawa za su cutu, harajinsa ma ya ragu. Kuma malamai sun san hadisin nan na lokacin da kaya suka yi tsada a Madina, aka roƙi Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yanka farashi, bai yanka ba. Ashe batun kare dukiyar mutum daga hannun mai mulki ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Haka nan kiran da Rand ta yi cewa mutum ya daina fakewa da taro, ya tsaya a kan abin da ya gani, ya ɗauki nauyin aikinsa, kira ne da zai amfani duk ƙasar da ake tafa wa shugaba kafin ya buɗe baki.

Amma shari'ar da ta hana yanka farashi da zalunci, ita ce kuma ta hana ɓoye abinci don ya yi tsada, ta wajabta zakka, ta ba maƙwabci da maraya hakki. A nan hanya ta rabu. Rand ba ta yarda da samuwar Allah ba, ta faɗa a fili, kuma ta ɗauki addini da gurguzu a matsayin tagwaye, tun da dukansu suna neman mutum ya sadaukar. A wurinta taimako ba laifi ba ne in mutum ya ga dama, sai dai ba wajibi ba ne, ba kuma babbar falala ba ce. Manomin da ya ga fari na 1973 da na 1984, wanda ya rayu saboda wani ɗan uwa a Kano ko Abijan ya aiko da kuɗin hatsi, zai tambaya: a wane shafi na wannan falsafa aka rubuta sunana? Jaruman littattafanta ba su da tsofaffin iyayen da suke ciyarwa, ba sa jinya, damina ba ta yaudararsu. An gina su ne kamar ba mace ta haife su ba. Hausawa suna da sunan wannan hali tun kafin a fassara shi daga wani harshe, suna cewa kowa tasa ta fisshe shi, kuma ba a faɗinsa sai ranar da gari ya watse.

A watan Oktoba na 1957 babban littafin ya fito, Atlas Shrugged, shafi fiye da 1,000. Ya ƙaga wata Amurka ce wadda gwamnati ta shaƙe da dokoki, sai masu masana'antu da masu ƙirƙira suka shiga yajin aiki, suka ɓace ɗaya bayan ɗaya zuwa wani kwari a cikin duwatsu, suka bar ƙasa ta durƙushe. A cikinsa akwai jawabin rediyo na jarumin, kimanin shafi 60, wanda ya ci mata shekara 2 tana rubutawa. Ƴan majalisa sun sa rai duniya za ta girgiza. Masu sharhi kuwa suka yi masa ca, na hagu da na dama. Wanda ya fi yi mata ciwo shi ne Whittaker Chambers, tsohon ɗan kwaminis da ya tuba, wanda ya rubuta a mujallar masu ra'ayin riƙau ta National Review cewa yana jin muryar kama-karya a cikin littafin, muryar mai hukunta duk wanda ya saɓa masa. Greenspan ya aika wa jaridar New York Times wasiƙar kare littafin. Masu saye dai ba su saurari masu sharhi ba, littafin ya yi kasuwa, har yau ana buga shi. Ita kuwa marubuciyar ta faɗa cikin baƙin ciki mai tsawo, ba ta ƙara rubuta wani ƙagaggen labari ba har ta mutu.

Branden ne ya mayar da hira ta zama makaranta. A 1958 ya fara ba da darussa 20 a kan tushen aƙidar, ana biya, Rand tana zuwa amsa tambayoyi. Da abin ya karɓu sai aka riƙa ɗaukar darussan a faifai ana aikawa gomman birane a Amurka da Kanada. A can wakili zai kama ɗaki a otal, ya ɗora rakoda a kan tebur, mutane su biya kuɗi su zauna a jere suna rubuta abin da na'ura take faɗa. A duba wannan hoto da kyau: ɗaki cike da masu neman ƴancin tunani, sun yi tsit gaban akwatin da ba a iya yi masa tambaya. A 1962 aka fara fitar da ƴar jarida ta wata-wata, ɗalibai suka kafa ƙungiyoyi a jami'o'i, a 1967 cibiyar ta koma cikin dogon benen nan na Empire State.

Tun kafin wannan bunƙasa tsutsa ta riga ta shiga goro. Rand ta koyar da cewa duk abin da mutum yake ji a ransa, har kiɗan da yake so da matar da ta burge shi, ƴaƴan tunaninsa ne. In tunanin daidai ne, sha'awar za ta zo daidai. To ita tana son kiɗan Rachmaninoff, ba ta son na Beethoven, don haka wanda aka ji yana sauraron Beethoven sai a fara tambayar ko akwai ruɓa a gindin tunaninsa. Tana shan taba ba ƙaƙƙautawa, ta ɗauke ta alamar wutar da ɗan Adam ya mallaka a tsakanin yatsunsa, sai shan taba ya zama kamar kaki a majalisar. Wanda aka ga ya kauce sai a kira zama a kansa. Branden, wanda ya karanta ilimin halayyar ɗan Adam kuma yake duba da yawa daga cikinsu a matsayin mai ba da shawara, shi ne mai gabatar da ƙara. A tone asirin zuciyar mutum gaban abokansa, ko ya tuba ko a yanke hulɗa da shi. Ba maƙiya ne suka ƙaga wannan ba. Barbara ta rubuta shi cikin tarihin Rand da ta fitar a 1986, Branden kuma ya amsa laifinsa cikin nasa littafin na 1989, inda ya ce akwai ƙa'idojin da ba a rubuta ba amma kowa ya san su, na farkonsu shi ne cewa ba a taɓa yin ɗan Adam kamar Ayn Rand ba.

Masanin tattalin arziki Murray Rothbard, wanda ya fi ta ma tsananin ƙin gwamnati, ya shigo da abokansa bayan fitar littafin, bai yi shekara ba aka rabu a 1958. An tuhume shi da ɗaukar ra'ayoyinta ba tare da ambaton ta ba. Shi kuma ya ce an matsa masa ne saboda matarsa Kirista ce mai zuwa coci. Labarin John Hospers ya fi ban tausayi. Shehun malamin falsafa ne na jami'a, ya yi kusan shekara 2 yana zuwa suna kwana muhawara, yana ƙaunarta. A 1962 aka gayyace ta ta gabatar da maƙala gaban taron masana, aka sa shi ya yi sharhi, ya yi abin da kowane malami yake yi a irin wannan wuri, ya yaba, ya kuma nuna inda hujja ta yi rauni. Daga ranar ba ta ƙara yi masa magana ba.

Yaya aka yi masu wa'azin hankali suka faɗa wannan rami? Sauƙin amsa shi ne a ce halin mace ɗaya ne, mai zafin rai. Akwai wannan, amma ramin a cikin ginin aƙidar yake. In aka ce hankali amsa ɗaya tak yake bayarwa a kowace mas'ala, daga samuwar duniya har zuwa zaɓen waƙa, aka kuma ce wance ta riga ta gano amsar, to wanda ya saɓa mata ba a iya cewa ya yi kuskure irin na mai nema. Sai dai a ce ya ƙi yin tunani da gangan, ƙin tunani kuwa a wurinsu shi ne uwar zunubai. Ta haka saɓani ya koma laifi, mai tambaya ya koma mai cin amana. Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin maganin wannan cuta, shi ya sa suka ce mai ijtihadi ko ya kuskure yana da lada, suka zauna da mazhabobi huɗu ba wanda ya kore wani daga masallaci. Majalisar daren Asabar ba ta da irin wannan ƙofa. Ga kuma fadawa, waɗanda kowannensu yake tsoron kada a riga shi nuna biyayya.

Ƙarshenta ya zo ta inda almajirai ba su zata ba. Tun tsakiyar shekarun 1950 akwai alaƙa ta ɓoye tsakanin Rand da Branden, wanda ta girma da shekara 25, kuma an zaunar da mijinta da matarsa an karɓi yardarsu da hujjojin falsafa, an ce hankali ne ya hukunta haka. Mijin ya yi shiru ya shanye, Barbara ta yi ta fama da ciwon firgita. Daga baya Branden ya kamu da son wata budurwa cikin ɗalibansa, ya ɓoye wa Rand shekara 4 yana kawo uzuri. Da gaskiya ta fito a watan Agusta na 1968, sai ta kore shi, ta kore Barbara, aka rufe cibiyar, aka cire sunansa daga shafin sadaukarwa na babban littafin. Ta buga doguwar sanarwa a jaridarsu tana tuhumarsa da rashin gaskiya da wasa da kuɗi, ba ta ambaci ainihin dalilin ba ko da kalma ɗaya. Mutum 4 daga cikin manyan almajirai suka sa hannu cewa sun yanke hulɗa da ma'auratan har abada: Greenspan, da Peikoff ɗan uwan Barbara, da Blumenthal ɗan uwan Branden, da wata malama. Dubban ɗalibai a birane aka nemi su ɗauki ɓangare a shari'ar da ba a gaya musu laifin da ake yi a kai ba, alhali shekara 10 ana koya musu kada su karɓi magana ba hujja. Abota ta mutu, dangi suka daina gaisawa.

Sauran rayuwarta ta tafi cikin raguwar jama'a. A 1974 aka yi mata aikin ciwon daji na huhu, ta bar taba. A shekarar ce kuma ta tsaya a fadar shugaban Amurka Gerald Ford tana kallon Greenspan yana rantsuwar zama shugaban masu ba shi shawara kan tattalin arziki. Bayan haka ta shiga tsarin fansho da na jinyar tsofaffi na gwamnati, waɗanda ta yi shekaru tana zagi. Masu suka suna yawan jifanta da wannan, amma gaskiya ita ce tun 1966 ta rubuta cewa wanda aka karɓi harajinsa da ƙarfi yana da damar karɓo abinsa. Blumenthal ma ya janye kafin mijinta ya rasu a 1979. Ta mutu ranar 6 ga Maris 1982, aka ajiye furanni da aka yi wa siffar alamar dalar Amurka, tsayin mutum, kusa da gawarta. Peikoff, wanda ya gaje ta, ya kafa cibiya da sunanta a 1985. Ba a yi shekara 5 ba ya raba gari da wani masanin falsafa, David Kelley, a kan tambayar ko aƙidar a rufe take ko ana iya ƙara mata, da kuma ko ya halatta a zauna da waɗanda ba su yarda da ita duka ba. Kelley ya kafa tasa a 1990.

Masu sauraro da suka ga shekarun 1990 a Nijar za su ji wani abu ya yi musu kama. Bayan Taron Ƙasa na 1991 baki ya buɗe, jaridu suka fito, fadojin samari suka cika unguwannin Damagaram da Yamai, ana dafa shayi ana warware duniya, jam'iyyu suka yi yawa, kowace da kalmar dimokuraɗiyya a bakinta, da yawansu kuwa an fi saninsu da sunan mutum ɗaya. Tun kafin wancan lokacin kuma maganar sakin kasuwa ta sauka a ƙasar, sai dai ba ta hanyar muhawara ta zo ba. Ta zo cikin jakar wakilan asusun FMI da Bankin Duniya, da sharuɗɗan rage ma'aikata da sayar da kamfanonin gwamnati. Ɗaliban da aka harbe a gadar Kennedy ranar 9 ga Fabrairu 1990 tsuke bakin aljihun ilimi suka fito ƙi. A Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, aka wayi gari kuɗin magani ya ninka. Ba almajiran Rand ne suka rubuta waɗannan tsare-tsare ba, masu rubuta su ɗaliban wasu makarantu ne, kuma da tana raye da ta la'anci asusun FMI ɗin kansa a matsayin kayan gwamnatoci. Amma iskar da ta kaɗa a Washington da London zamanin Reagan da Thatcher, littattafanta suna cikin abin da ya hura ta. Abin da ta kira ciniki bisa yardar juna, a nan an karɓe shi ne da wuƙar bashi a wuya.

Saura labarin mai binne gawa. A 1963 Greenspan ya rubuta maƙala a jaridar majalisar yana cewa kwaɗayin ɗan kasuwa shi ne babban mai kare mai saye, domin suna mai kyau jari ne, ba mai hankalin da zai zubar da shi don ribar kwana ɗaya. Dokokin gwamnati kuwa ba abin da suke yi sai lalata wannan gasa ta neman amana. A 1966 ya rubuta wata yana kare kuɗin zinariya, yana cewa kuɗin takarda hanya ce ta ƙwace dukiyar mutane a ɓoye. A 1987 Reagan ya naɗa shi shugaban bankin da ke buga kuɗin takardar, ya zauna har Janairun 2006, ƙarƙashin shugabanni 4. A 1998, da shugabar wata hukumar sa ido, Brooksley Born, ta nemi a duba sababbin takardun caca da bankuna ke sayar wa juna ba mai lura, yana cikin waɗanda suka taka mata birki. A Satumban 2008 bankin Lehman Brothers ya rushe, miliyoyin Amurkawa suka rasa gidaje da ayyuka, girgizar ta zagaya duniya.

Ranar 23 ga Oktoba 2008 aka kira shi gaban wani kwamitin majalisar wakilai, yana ɗan shekara 82. Shugaban kwamitin, Henry Waxman, ya tambaye shi ko aƙidarsa ce ta sa ya yanke shawarwarin da yake da-na-sani a kansu. Ya amsa cewa ya dogara ga son kan bankuna ya kare dukiyar masu hannun jarinsu, abin da ya faru ya bar shi cikin kaɗuwa, kuma ya gano aibi a cikin tsarin da ya yi shekara 40 yana ganin yana aiki. Magadan Rand suka yi maza suka barranta da shi. Suka ce ai tun ranar da ya karɓi kujerar ya bar gida, kuma shi ne ya sauke kuɗin ruwa zuwa kashi 1 cikin 100 daga 2003 zuwa 2004 ya cika kasuwa da bashi mai araha, wanda wannan hannun hukuma ne, kasuwa ba ta da laifi. A shekarar da ta biyo, 2009, cinikin Atlas Shrugged ya tashi fiye da yadda aka saba gani.